3.2 Saita Manhajar Tushe da Zaɓen Hanyar Tayar da Kwamfuta

A wannan sashe za a yi bayani a kan ƙaramar manhajar da ke fara aiki da zarar an kunna kwamfuta, tun kafin Windows ko Linux su bayyana. Ita wannan manhaja ba a cikin faifan ajiya take ba, tana dashe ne a jikin babban allon na'urar. Aikinta shi ne ta duba lafiyar sassan na'ura, sannan ta nemo babbar manhaja ta miƙa mata ragama. Iri biyu ce. Akwai BIOS, wadda ta yaɗu tare da kwamfutar IBM ta shekarar 1981, akwai kuma UEFI, wadda ta samo asali daga kamfanin Intel, ta koma hannun haɗakar kamfanoni a 2005.

Ana shiga shafin saiti ne ta hanyar danna maɓalli, galibi F2 ko Del, a daidai lokacin da tambarin kamfani ya fito. A nan ake gyara kwanan wata da jerin abubuwan da na'ura za ta tashi daga gare su, wato faifai ko filash. Idan agogo ya riƙa komawa baya, to ƙaramin batirin da ke kan allon, mai lamba CR2032, ya mutu ke nan.

Abin da ya fi muhimmanci a ganin mai wannan nazari shi ne hanyar tayarwa, domin a nan ne masu koyon gyara suka fi yin tuntuɓe. Tsohuwar hanya, wadda ake rubuta wa Legacy ko CSM, tana karanta bayit 512 na farkon faifai ne, inda tsarin rabo na MBR yake. Wannan tsari bai wuce manyan yankuna huɗu ba, kuma ba ya iya sarrafa abin da ya haura kimanin terabayit 2. Ita kuwa UEFI wani keɓaɓɓen yanki take nema a faifai, kuma Windows ba ta tashi ta wannan hanya sai faifan yana kan tsarin GPT.

Saboda haka, idan an ɗora Windows a tsohuwar hanya, sannan wani ya juya saiti zuwa UEFI, na'ura za ta ce ba ta ga abin tayarwa ba. Abin lura a nan shi ne, bayanan da ke cikin faifan suna nan daram. Mai gaggawa yakan goge faifai ya sake ɗora manhaja, ya jawo wa mai kaya asarar aikin shekaru, alhali mayar da saitin yadda yake ya wadatar. Wanda kuma yake son Windows 11, wadda ta fito a 2021 da sharaɗin UEFI da TPM 2.0, sai ya fara kwafe bayanansa, ya juya faifan da MBR2GPT, daga nan ne zai taɓa saitin.