Uwargida, Ki Bar Ta Ta Je Ta Gani da Idonta

Yau ba girki na zo muku da shi ba, ba kuma ɗinki ba. Labarin wata 'yar tafiya ce da muka yi da ɗalibaina, kuma akwai roƙon da nake so in yi wa iyaye mata a kanta.

Ni malamar firamare ce a Farin Dutse, cikin ƙasar Gwaram. Wata rana ina koya wa 'yan aji shida tarihi, sai na tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu. Yara maza huɗu suka ɗaga hannu. A cikin mata kuwa ko ɗaya. Wata ta ce ita ta taɓa zuwa Birnin Kudu, amma asibiti aka kai ta, tana warkewa aka juyo da ita gida. Yaran nan fa sun haddace Kogin Nilu da dalar Masar, in ka tashe su daga barci za su faɗa maka. Amma abin tarihin da ke maƙwabtaka da su, wanda masana ke tasowa daga ƙasashen waje domin su gani, ba su san shi ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

A ƙasashen Turawa akwai wata al'ada, watau mutum ya kwashi iyalinsa lokacin hutu, su ɗauki tanti da tukunya da bargo, su je bakin kogi ko gindin dutse su yada zango kwana biyu ko uku. Gwamnatocinsu sun keɓe dazuzzuka musamman domin haka. A Amurka tun 1872 aka keɓe gandun Yellowstone, kuma jihohinsu ma suna da nasu gandayen, da wurin kafa tanti da masu gadi. Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. Ga Yankari a Jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, da Kogin Gaji da ya ratsa shi, da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Ƙungiyar 'yan Gaid kuwa, wadda ta shigo Nijeriya a 1919, kwanan zango yana cikin manyan abubuwan da take koya wa 'yan mata. To amma kuɗin mota zuwa Yankari da kuɗin masauki sun fi ƙarfin iyayen yaran da nake koyarwa. Sai na ce, kogi dai muna da shi, duwatsu kuwa har sunan garinmu ya ɗauka. Me zai hana mu yi namu daidai ƙarfinmu?

Da na kai wa hedimasta shawarar bai ƙi ba, sai dai ya ce in fara shawo kan iyaye. Nan ne fa aikin yake. Gida gida na bi bayan la'asar, har mako biyu. Wata uwa ta dube ni ta ce, “Malama, ke kin haifa kuwa?” Na ce ina da biyu. Ta ce, “To in kin haifa, ba kya zo ki ce in ba ki 'yata ki kai ta daji ta kwana ba.”

Ban ga laifinta ba, kuma ku ma kada ku gani. Duk uwar da ta ji abin da ya faru da 'yan matan Chibok a 2014, da na Dapchi a 2018, da na Jangebe a 2021, tana da hujjar jin tsoro. Wanda ya ce tsoron nan jahilci ne bai yi wa iyaye adalci ba. Saboda haka muka sake shiri. Muka fasa kwana a fili irin na Turawa. Muka nemi izinin dagacin wani ƙauye da ke kusa da kogi, ya ba mu aji biyu a makarantar garin mu kwana, ya kuma sa dattawa biyu su kwana a bakin ƙofa. Aka sanar da hakimi da 'yan sanda ranar tafiya da ranar dawowa. Sa'an nan na ce duk uwar da ba ta natsu ba, ta nemi izinin maigida ta biyo mu. Uwar nan da ta yi mini tambaya ita ce ta fara cewa za ta. Daga ƙarshe yara 19 suka samu izini, da iyaye mata uku, da malamai mata biyu, da wani malami dattijo. Yara 12 aka hana, kuma har yau ina jin zafin hakan.

Cikin hunturu muka tafi, bayan an gama kawar da amfanin gona. Da gangan muka zaɓi lokacin. Kogin da ya ratsa ƙasar Gwaram daga tsaunukan wajen Jos ya taso. Can sama ana ce da shi Bunga, in ya gangara ƙasar Bauchi ta arewa a ce da shi Kogin Jama'are, har ya je ya haɗu da Kogin Haɗejiya su zama Kogin Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Irin wannan kogi da damina ba abin wasa ba ne. Sai a yi ruwa can sama inda ba ki gani ba, ke kina nan rana tsaka garau, ki ga ruwa ya taho. Da rani kuwa yawancinsa yashi ne fari tas, ruwa na bin gefe a hankali.

Muna isa yara suka ruga cikin yashin nan da gudu suna ihu, har da waɗanda a aji ba a jin muryarsu. Muka ɗaure tamfol a jikin wata tsamiya, muka shimfiɗa tabarmi, muka kafa duwatsun murhu. Ba mu gama hura wuta ba sai ga wata tsohuwa da ƙwarya a kai. Ta gaishe mu, ta ce, “'Yata, kun zauna a kan hanyar shanu. Nan mashaya ce. In rana ta karkata za ku sha mamaki.” Ni da nake taƙama na karanta yadda ake zaɓen wurin zango a littafi, ban lura da sawun kofato da kashin shanu da suka cika wurin ba. Muka kwashe kaya muka koma kan tudu. Ba a daɗe ba kuwa sai ga garke ya gangaro, ya bi ta daidai inda tukunyarmu take ɗazu. Iyayen nan uku suka yi ta yi mini dariya har dare.

Bari in tsaya a kan maganar ruwa, gama nan ne haɗarin da ba a gani da ido. Yara sun so su yi wanka a wani kududdufi da ruwa ya kwanta. Na hana, suka yi ta fushi. Ruwan da ya kwanta, mai ciyawa a gefe, shi ne gidan wasu ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya, watau ciwon fitsarin jini. Ba sai an sha ruwan ba, tsutsar ta fata take shiga jikin mai wanka ko mai wanki. A ƙauyuka da yawa ana ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro kamar alamar girma ce. Ba haka ba ne, cuta ce, kuma tana da magani a asibiti. Ga 'ya mace kuwa, in ta daɗe a jiki tana iya taɓa mahaifa. Ruwan sha daga rijiyar burtsatse ta gari muka ɗebo a jarka, wanda muka ƙara daga kogi kuwa sai da muka tace muka tafasa. Haka nan na hana kowa tura hannu cikin kogon dutse ko ƙarƙashin tarin itace, na kuma hana tafiya ba takalmi in duhu ya yi, saboda kububuwa da kunama. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da yarinya, a hana ta motsa ƙafar, a nufi asibiti da ita nan da nan.

Abinci ba wani na a zo a gani muka ci ba. Shinkafa da wake da mai da yaji, da safe kunun tsamiya da ƙosai. Amma na raba yaran kashi huɗu, masu itace, masu ruwa, masu girki, masu shara, kowane kashi da shugabarsa. A nan na ga abin da shekara guda a aji ba ta nuna mini ba. Wata yarinya da kullum take ƙarshe a lissafi, ita ce ta auna shinkafar mutum 25 ba ta yi kaɗan ba, ba ta yi saura ba. Bayan sallar isha muka hura wuta a filin makaranta, iyaye suka yi tatsuniya, ɗaya daga cikinsu ta nuna wa yara Kaza da 'Ya'yanta a sama. Ta ce rabonta da ta zauna ta kalli taurari haka tun tana budurwa.

Kashegari da sassafe mota ta ɗauke mu zuwa Birnin Kudu. Garin yana kan tsohuwar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta Wudil, kimanin mil 80 daga Kano. Yana cikin Jihar Kano har 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Duwatsun da ke da zanen suna nan kewaye da gari, akwai Dutsen Habude, da Dutsen Mesa, da Dutsen Murufu. Suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma daga ofishinta na garin ya kamata a fara, a nemi mai rakiya.

Zanen yana cikin inuwar manyan duwatsu, inda ruwan sama ba ya dukansa sosai. Yawancinsa da jan launi aka yi, ya ɗan koɗe, sai kin natsu idonki ya saba kafin ki ga ƙaho da ƙafafu sun fito. Na ce wa yaran su duba da kyau su gaya mini abin da ya bambanta shanun nan da waɗanda suka kore mu daga mashaya jiya. Aka yi shiru. Can sai wata ƙarama ta ce, “Malama, ba su da tozo!” Haka ne kuwa. Shanunmu na yanzu, farare da jajaye, duk masu tozo ne. Na jikin dutsen ba su da shi, wasu da dogon ƙaho, wasu da gajere irin na muturu. Masana suna ganin wannan alama ce cewa an yi zanen tun kafin shanu masu tozo su mamaye ƙasar nan. Da a aji na faɗa musu wannan, da sun rubuta sun manta. Yarinyar da ta gano da kanta ba za ta manta ba har ta tsufa.

Sa'an nan aka nuna mana duwatsun kiɗa. Dutse ne kamar kowane dutse, amma in aka buga shi da ƙaramin dutse sai ya yi ƙara kamar kuge, kowane gefe da irin muryarsa. Jikinsa duk ramuka ne masu santsi saboda yawan bugu na shekaru aru-aru. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ne ya bincika su a 1955, ya rubuta labarinsu duniya ta sani. Amma ku lura, 'yan'uwa, shi sanar da waje ya yi. Mutanen garin sun san abinsu tun kaka da kakanni, musamman mata, domin a da wuraren nan suna da alaƙa da bikin aure, amarya da ƙawayenta sukan je su yi wasa su buga dutsen kafin a kai ta ɗaki. Ashe wurin da muke jin tsoron kai 'ya'yanmu mata yau, wurin 'yan mata ne tun asali.

Abu guda ya ɓata mini rai. A jikin wasu duwatsun na ga inda aka rubuta sunaye da gawayi da alli. Ke 'yar makaranta, in Allah ya kai ki, kada ki rubuta kome, kada ki shafa zanen da hannu, kada ki zuba masa ruwa wai don ya fito a hoto. Abin da ya daɗe haka yana jiran ki, ba daidai ba ne ya lalace a hannunki. Ki tafi da littafi da fensir ki kwaikwayi zanen a takarda. Haka yarana suka yi, kuma zanensu yana manne a bangon ajinmu.

To uwargida, ga roƙona. In makarantar 'yarki ta zo da irin wannan shiri, kada ki ce a'a tun ba ki ji ba, kada kuma ki ce i ido rufe. Ki tambaya ina za a kwana, wa ya ba da izini, malamai mata nawa ne za su je, ruwan sha daga ina, wane asibiti ne ya fi kusa, mota tana nan tare da su ko sai an nemo. In an ba ki amsa mai gamsarwa, ki taimaka ki shawo kan mahaifinta. In ba a ba ki ba, ki hana, kina da gaskiya. In kuma kwanan ne ba ki so, ai ana iya zuwa da safe a dawo kafin magariba, musamman ga mutanen Birnin Kudu da Gwaram da Dutse. Matan unguwa ma in sun yi adashi na wata biyu ya isa kuɗin mota, da yardar mazajensu.

Uwar nan da ta tambaye ni ko na haifa, da muka sauka daga mota a Farin Dutse ta riƙe hannuna ta ce in an tashi na baɗi a sa da ƙanwar yarinyar, ita kuma za ta zo da babbar tukunyarta, domin tamu ta yi ƙanƙanta. Yara 12 ɗin da aka hana kuwa, bakwai daga cikin iyayensu sun aiko suna tambayar ranar da za a koma. Mun sa bayan girbi, in Allah ya kai mu.