Nana Hadiza, Uwar Muminai: Attajirar da Jarinta ya Ƙare a Kwarin Abu Ɗalib

Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gida, a Birni ko a Zango, da sassafen ranar suna, ya ji liman ya raɗa wa jaririya Hadiza, ya san babu mai tambayar inda sunan ya fito. Ya riga ya zama ɗan gari. Da wuya a sami gida a Damagaram wanda babu Hadiza a cikinsa, ko Dije, ko Kubura. Amma in ka tsayar da uban jaririyar ka ce ya ba ka labarin mai sunan, abin da za ka ji bai wuce kalma biyu ba: matar Manzon Allah (S.A.W.) ce ta fari, kuma mahaifiyar Nana Faɗima. Gaskiya ne, sai dai gaskiyar ta yi gajarta. An bar wani ɓangare na rayuwarta wanda ya fi kusa da ku masu karatu, ƴan kasuwa da ma'aikata: Nana Hadiza (R.A.) mai jari ce, mai ɗaukar mutane aiki, wadda ta san kuɗin haja kuma ta san darajar wanda za a damƙa wa haja.

Ɗiyar Huwailid ce ɗan Asad, daga manyan gidajen Ƙuraishawa, kuma asalinta ya haɗu da na Annabi (S.A.W.) a kan kakansu Ƙusayyu. Makka ta wancan zamani kwari ce da ba a noma a cikinta. Abin da ya riƙe garin shi ne ayari biyu a shekara, ɗaya zuwa Yaman lokacin sanyi, ɗaya zuwa Sham lokacin zafi, tafiyoyin nan da Suratu Ƙuraish ta ambata. Kafin ta san Muhammadu ɗan Abdullahi ta yi aure sau biyu, da Abu Hala da kuma Atiƙ na gidan Mahzum, ta haihu da su, sannan ta koma zaman kanta tana juya dukiyarta. Mutanen garin suna kiranta Aɗɗahira, wato tsarkakakkiya. Ibn Sa'ad ya kawo ruwayar da ke cewa kayan da take turawa Sham kan yi daidai da na sauran Ƙuraishawa a haɗe. Ko da mai ruwayar ya ƙara gishiri, ba a faɗin irin wannan magana a kan ƙaramar ƴar tireda.

Jari daga gare ta, tafiya daga gare shi

Nana Hadiza ba ta bin ayari da kanta. Takan ba maza dukiyarta su yi fatauci, a kan wani rabo na riba da aka yanka tun kafin a ɗaura wa raƙumi kaya. Wannan ciniki shi ne malaman fiƙihu suka kira ƙiradi, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure, ko ya kai ga Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ya wuce ta kan babinsa. Ƙa'idarsa a mazhabarmu a fili take. Mai jari ya ba da kuɗi, ɗan tafiya ya ba da ƙarfinsa da saninsa. Rabon riba ana faɗinsa a matsayin kashi, rabi ko sulusi, ba adadin kuɗi tsayayye ba. In aka yi asara ba tare da ɗan tafiya ya ƙetare iyaka ba, mai jari ne ya rasa kuɗinsa, shi kuwa ya rasa wahalarsa. Wanda ya ba da jari a kan wannan sharaɗi ba shi da jingina, ba shi da ɗan sanda a bayan ayari. Abin da yake da shi kawai shi ne iya zaɓen mutum.

Kakanninmu sun san wannan sarai. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884, ayarin da ya taso daga Tarabulus yakan bi ta Gadamas da Gat da Abzin, ya sauka a Zango kafin ya zarce Kano. Attajirin da ke zaune a bakin teku yakan yi watanni bai ji ɗuriyar kayansa ba, har su dawo masa a matsayin jima da gashin jimina da hauren giwa. Kada mu ɓoye, har da bayi a cikin hajar, kamar yadda suke a kasuwannin Larabawa na zamanin Nana Hadiza. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ya karya wannan hanya, amma bai kashe tsarin ba. Alhajin da ya ba yaronsa jikkuna ya tura shi Kano ta hanyar Matamaye ya sayo atamfa, yana yin abin da ɗiyar Huwailid ta yi ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Da labarin gaskiyar Muhammadu da riƙon amanarsa ya kai gare ta, sai ta nemi ya tafi mata Sham, ta yi masa tayin fiye da abin da take ba waɗansu, ta haɗa shi da baranta Maisara. Suka kai Busra, suka sayar, suka sayo, suka dawo da riba mai yawa. A nan ya kamata ɗan kasuwa ya lura da abu guda: ba lissafin kuɗi kaɗai ta saurara ba, ta zaunar da Maisara ta ji yadda mutumin ya yi mu'amala a hanya. Bayan haka ne ta aiki ƙawarta Nafisa ɗiyar Munya ta ji ra'ayinsa game da aure. Ita ta nema, bayan manyan gari sun neme ta ta ƙi. Aka ɗaura auren wajen shekara ta 595 Miladiyya, yana da shekara 25, Abu Ɗalib ya yi huɗuba, sadaki kuwa, in ji Ibn Hisham, raƙuma matasa 20. Abin da ya shahara shi ne tana da shekara 40 a lokacin. Akwai wata ruwaya daga Ibn Abbas da ta ce 28, kuma waɗansu masu tarihi sun fi karkata gare ta, ganin cewa ta haifa masa ƴaƴa shida bayan auren: Alƙasim, Zainab, Ruƙayya, Ummu Kulsum, Faɗima da Abdullahi. Mazan biyu sun rasu suna ƙanana.

Gidan nata bai tsaya ga waɗanda ta haifa ba. A cikinsa Hindu ɗan Abu Hala ya tashi. A cikinsa Aliyu ɗan Abu Ɗalib ya girma, bayan da fari ya matsa wa mahaifinsa. Zaidu ɗan Harisa bawa ne da ya zo hannunta, ta ba mijinta shi, ya ƴanta shi. Har Halimatu Sa'adiyya, wadda ta shayar da Annabi (S.A.W.), an ruwaito cewa ta zo Makka a shekarar yunwa, Nana Hadiza ta sallame ta da tumaki 40 da raƙumi. Mu da muka ga abin da farin 1973 da na 1984 suka yi wa makiyaya, mun san ma'anar a mayar wa mace garke.

Daren Hira da shekarun takunkumi

A shekara ta 610, da ya sauko daga kogon Hira jikinsa na makyarkyata, yana neman a lulluɓe shi, bai nufi gidan baffansa ba, bai nufi majalisar Ƙuraishawa ba. Ɗakinta ya shiga. Buhari ya kawo yadda ta kwantar masa da hankali, kuma abin lura shi ne hanyar da ta bi. Ta rantse cewa Allah ba zai kunyata shi ba, sannan ta jera hujjojinta: yana sada zumunci, yana ɗaukar nauyin gajiyayye, yana ba wanda ba shi da shi, yana karɓar baƙo, yana taimako idan masifa ta sauka. Irin shaidar da attajira ke bayarwa ke nan a kan wanda ta gwada shekara 15 ba ta same shi da ha'inci ba. Daga nan ta kai shi wajen ɗan baffanta Waraƙa ɗan Naufal, masanin littattafan da suka gabata. Ita ce farkon wadda ta yi imani, kafin kowane namiji.

Masu wa'azi sukan tsaya a nan, amma abin da ya biyo baya ya fi nauyi. Wajen shekara ta 616 Ƙuraishawa suka rubuta takarda suka rataye a cikin Ka'aba: ba saye ba sayarwa, ba auratayya tsakaninsu da gidan Hashim da gidan Muɗɗalib, har sai an miƙa musu Muhammadu. Aka tattara mutanen a wani kwari da ake kira Shi'ibi Abi Ɗalib kusan shekara uku. Ɗan kasuwar Damagaram ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ya ga yadda kasuwa ta kasance da Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, ya kuma sake gani a 2023 da takunkumin CEDEAO. To ƙaddara an rufe ba iyakar ƙasa ba, iyakar unguwa, a garin da ba a noma ko zangarniya ɗaya. An ruwaito cewa har ganyen itace suka ci, ana jin kukan yara daga bayan kwarin.

Nana Hadiza ƴar gidan Asad ce, takardar ba ta ambaci danginta ba. Duk da haka ta shiga kwarin tare da mijinta, ga tsufa ya fara kama ta. Ibn Ishaƙ ya kawo labarin ranar da Hakim ɗan Hizam ya ɗauko alkama zai kai wa gwaggonsa, Abu Jahal ya tare shi, har sai da Abul Bahtari ya shiga tsakani aka yi dambe kafin abincin ya wuce. Matar da a da ake lissafa kayanta da raƙuma, yau ga ta tana jiran mudun alkama da za a shigo da shi a ɓoye. Ba ta daɗe ba bayan an yage takardar. Ta rasu a watan azumi, shekara uku kafin Hijira, kusa da rasuwar Abu Ɗalib, shi ya sa ake kiran wannan shekara shekarar baƙin ciki. Annabi (S.A.W.) da kansa ya shiga kabarinta a Hajun, maƙabartar da alhazai suka sani da sunan Mu'alla. Kimanin shekara 25 suka yi tare, bai yi mata kishiya ba.

Dukiyar Hadizan gidanmu

Abin da ya sa muka ɗauko wannan tarihi shi ne wata magana da ake yawan ji a majalisa, cewa Nana Hadiza ta ba mijinta dukiyarta, saboda haka abin da mace ta tara na maigida ne. Wannan karatu ne na mai kwaɗayi. Ta bayar ne domin abin nata ne, kuma babu inda aka ruwaito cewa an karɓe mata ko dirhami ɗaya ba da son ranta ba. Kyauta ba ta zama kyauta sai in mai ita na da ikon hanawa. Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabonsu na gado da na abin da suka nema da hannunsu, ta kuma hana miji taɓa sadaki sai da yardar mai shi. A mazhabar Malikiyya miji na iya hana matarsa kyautar da fiye da sulusin dukiyarta, amma wannan bai mayar da dukiyar tasa ba, saye da sayarwarta kuwa nata ne.

Je ka Kasuwar Dole ranar Alhamis ka ƙidaya hajar da ta fito daga hannun mata: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tukwanen Mirya, tabarmi, turaren wuta. Da yawa daga masu ita ba su taka kasuwar ba, daga cikin gida suke aikawa, da jarin da adashi ya haɗa. Tun 1991, da aka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, an ga abin da dala-dalar mako ke iya zama. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, albashi kuma yana yin watanni bai fito ba, gidajen ma'aikata nawa ne tukunyarsu ta hau wuta da kuɗin uwargida? Ku da kuka zauna a biro a waɗannan shekaru kun fi kowa sani. Amma har yau akan raba gado a ba maza gona, a ce wa mace ta yi haƙuri ai tana gidan miji. Akan kuma ranci jarin mata da sunan gobe, goben da ba ta zuwa. A wani gidan kuma ƙaramar Hadiza ce ke yawo da farantin talla har dare, alhali mai sunan ba yarinya ta tura Sham ba, baligi amintacce ta ɗauka ta biya shi.

Annabi (S.A.W.) bai taɓa manta wannan bashi ba. Nana A'isha ta ce ba ta yi kishin wata mace kamar yadda ta yi kishin Hadiza ba, alhali ba ta zauna da ita ba, domin in ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta da nama. Bayan yaƙin Badar a 624, cikin fursunonin da aka kama akwai Abul As ɗan Rabi'u, mijin Zainab, kuma ɗan Hala ƴar'uwar Nana Hadiza. Zainab tana Makka a lokacin. Da mutanen garin suka aika da kuɗin fansar danginsu, sai ta haɗa da wata sarƙar wuya wadda mahaifiyarta ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. Aka zube kayan fansa a gaban Annabi (S.A.W.) a Madina, idonsa ya faɗa kan sarƙar, ya gane ta. Tausayi ya kama shi ƙwarai, ya tambayi sahabbai ko za su yarda su saki fursunan su mayar wa Zainab da abinta. Suka yarda. Abul As ya koma Makka da sarƙar, da alkawarin zai turo Zainab Madina, kuma ya cika.