Kafin Ka Biya Kuɗin Makarantar Addini da Falsafa

A kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar sakandare ya fito, matasanmu kan je wurin fasto ko katikis suna neman shawara. Suna so su karanci addini da falsafa, amma digiri na shekara huɗu ya fi ƙarfin aljihun iyayensu, don haka suke neman gajeren kwas. Wannan buri ne mai kyau. Manzo Bulus kansa ya yi muhawara da masanan falsafa a Atina, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 17 ta nuna. Amma 'yan'uwa, ba kowace takardar shaida ce ke buɗe ƙofa ba.

Wasu makarantun Amurka suna tallan ƙaramin digiri ta intanet. A can wannan digiri sananne ne. Shekara biyu ake yinsa, galibi a kwalejojin al'umma, kuma shi ne rabin farko na digirin jami'a. Sai dai jami'o'insu ba su cika karɓar darussan ɗalibi ba in kwalejinsa ba ta sami tantancewa ba. Hukumomin tantancewar kuwa sai Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ko majalisar CHEA ta amince da su, kuma sunayen makarantun da aka tantance suna nan a fili a intanet. Wadda ba ta cikin jerin, komai kyan hatiminta, da wuya takardarta ta kai mutum gaba.

Mu ma nan gida mun ga illar rashin bincike. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida. Har waɗanda suka yi karatun gaskiya a can abin ya shafa.

Mun gode wa Allah, muna da makarantu masu tarihi a Arewa. Makarantar ECWA ta Kagoro ta fara a 1931. TCNN da ke Bukuru ta buɗe a 1959, kuma tana da alaƙa da Jami'ar Jos. Babbar seminari ta St. Augustine a Jos, inda ake horar da firistocin Katolika a falsafa da tauhidi, ta fara a 1967, JETS kuma a 1980.

Duk da haka, suna kaɗai bai isa ba. Da farko ka tambayi kanka aikin da kake so ka yi. In koyarwa ce a makarantar gwamnati, NCE ta shekara uku a fannin addinin Kirista ita ce hanya, domin ita ce mafi ƙanƙantar shaidar malanta a Nijeriya. In hidimar ikilisiya ce, ka fara zama da dattawanka, gama kowace ɗarika tana da makarantun da ta yarda da su kafin ta naɗa mutum. In kuwa jami'a kake hange, ka je ofishin rajista ka tambaya ko diflomar za ta shigar da kai aji na biyu ta hannun JAMB, kuma ka nemi ganin hakan a rubuce.

Sa'an nan ka ziyarci makarantar da ƙafarka. Ka shiga ɗakin karatu, ka ga malaman da ke koyar da falsafa, ka tambayi inda tsofaffin ɗalibai suke aiki. Ka tambaya ko ACTEA, hukumar da aka kafa a 1976 don tantance makarantun tauhidi a Afirka, ta amince da ita.

Iyaye da yawa kan sayar da hatsi ko akuya don wannan karatu, wani lokaci ma zumuntar mata ce ke haɗa kuɗin. Bai kamata guminsu ya tafi a banza ba. Matambayi ba ya ɓata. Ubangiji ya bishe ku cikin zaɓenku.