ƊINKIN HULA DA TAGUWA A GIDA

Zan yi muku bayanin wata sana'a wadda yawancinmu mu ke rainawa, watau mutum ya ɗinka wa kansa hula da taguwa a gida. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, bara da azumi na kai wa wani tela yadina tun watan yana da kwana goma. Ran jajibere na koma, na iske yadin a ninke yadda na kawo shi, ko almakashi bai taɓa shi ba. Da tsohuwar riga na tafi idi. Da kakana ya ji labari sai ya yi dariya, ya ce shi tun da ya yi wayo har ya yi aure bai taɓa sa hular da wani ya ɗinka masa ba. Wannan magana ta tsaya mini a rai, har na zauna wajensa hutun nan duka ina koyo.

Asalin abin a ƙasarmu

Ƙasarmu ta Zamfara ta arewa, watau Ƙaurar Namoda da Shinkafi da Zurmi, ƙasar auduga ce tun zamanin da. Mu can kaɗa mu ke ce mata, ɗinki kuwa mu ce ɗumki. Baturen nan matafiyi na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya bi ta Zurmi da Badarawa cikin shekarar 1853 sa'ad da ya tashi daga Katsina za shi Sakkwato, ya kuwa iske auduga jibge a kasuwar Badarawa.

A zamanin nan riga ba ta shiga jikin mutum sai ta bi ta hannu da yawa. Manomi ya shuka kaɗa ya tsince. Mata su gurje ta bisa dutse da ɗan ƙarfe don su fid da angurya, su shiɓe ta da baka har ta yi laushi, sa'an nan su kaɗa zare da mazari, suna shafa alli a yatsa don kada ya yi santsi. Masaƙi ya yi wadari, ya saƙa sawaye 'yan sirara masu tsawo. In ana son baƙi a kai marina a tsoma cikin baba, a kai wa mabuga su buge shi har ya yi ƙyalli. Daga nan sai maɗinki, shi ne zai harhaɗa sawayen nan ɗaya bayan ɗaya da allura har su zama riga.

Ku lura da abu guda. A da, kaɗi na mata ne, ɗinki kuwa na maza, musamman malamai da manyan almajirai. Hannun da ya saba da alƙalami da zayyanar allo shi ya ke zana aska biyu da aska takwas a ƙirjin riga, ya cike su da zaren tsamiya ko alharini. Malami ya kan zauna a zaure yana biya wa yara karatu, allura kuwa ba ta bar hannunsa ba, da ita ya ke ci da iyalinsa ba ya roƙon kowa. Saboda haka duk wanda ya ce ɗinki bai kamaci mai ilmi ba, bai san tarihin malamai ba ne. Sai daga baya mata suka shigo ciki sosai, kamar matan birnin Zariya da suka kama ɗinkin manyan riguna daga wajen 1970, yau kuwa da yawa daga cikin hulunan da mu ke sawa a cikin gidaje a ke ɗinka su.

Abin da ya sauya al'amarin

Cikin 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa kamfanin neman auduga wanda mutanenmu su ke kira Bisije. Cikin 1912 aka kawo irin auduga na Amurka mai suna Allen, aka yi ta raba wa manoma. Jirgin ƙasa kuwa da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaurar Namoda cikin 1929, nan hanyar ta tsaya. To, jirgi shi ne ya riƙa kwashe auduga da gyaɗa ya yi kudu da su, in zai komo ya zo da akoko da alawayyo da atamfa. Mace ta ga abin da za ta yi wata tana kaɗawa ga shi a kanti da araha, sai mazari ya fara kwana cikin taskira.

Keken ɗinki ma ya zo ya ƙara. A Amurka aka ƙago irin wanda mu ka sani, Elias Howe ya sami takardar shaidar nasa cikin 1846, Isaac Singer kuwa cikin 1851, sunansa ne har yanzu a jikin tsofaffin kekuna. Daga baya na ƙasar Sin mai suna Butterfly ya cika kasuwanni. Mun kuma yi namu manyan masaƙu, ta Kaduna ta fara aiki cikin 1957, ta Gusau cikin 1965, amma duk biyun sun tsaya, ta Kadunan cikin 2002. Yau yawancin yadin da ke Kantin Kwari a Kano daga ƙetare ya ke zuwa, ga kuma gwanjo. Watau a hankali mun bar kaɗi, mun bar saƙa, saura allura kaɗai ta rage a hannunmu. In muka yar da ita, ba mu da sauran hannu cikin suturarmu sai biyan kuɗi, Hausawa kuwa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Yadda a ke ɗinka hula

Kayan aiki ba su da yawa: farin yadi na auduga mai ɗan kauri, allura, zare mai launi biyu ko uku, almakashi, fensir da rula. Abu na fari, a wanke yadin a shanya a goge tun ba a yanka ba, domin auduga ta kan tsuke in ta sha ruwa. Wanda ya ƙetare wannan, ran da ya wanke hularsa sai ta zama ta ƙanensa.

Sa'an nan a ɗauki igiya a kewaya kai da ita daga goshi, bisa kunnuwa kaɗan, a shimfiɗa ta a kan rula. Mu ce an sami inci 22. Lambar nan da ku ke ji masu sayad da hula suna faɗi, 22 ko 23, ba wani abu ba ne illa wannan awo. Hula kashi biyu ce, jiki da kai. Don jiki a yanka ƙyalle mai tsawon inci 24 da faɗin inci 9, a ninke shi biyu ta tsawonsa. Bakin ninkin shi ne zai zauna a goshi, tsayin hula ya zama inci 4, rabin incin da ya saura a sama na haɗi ne. Inci biyun da aka ƙara a tsawo kuwa ajiya ce, domin ɗinki ya kan jawo yadi ya rage shi.

Kan hula da'ira ne, a nan ne lissafin da mu ke yi a aji zai yi mana rana. In kewayen da'ira inci 22 ne, a riɓa shi da 7 a raba da 22, sai a sami faɗinta, watau inci 7. To, a buɗe kamfas inci uku da rabi a zana da'ira, a kuma buɗe shi inci 4 a zana wata a bayanta. Ta ciki ita ce layin ɗinki, ta waje layin yanka. In babu kamfas, ƙusa da zare da fensir sun isa. A yanka guda biyu a haɗa su, don kan ya yi kauri daidai da jikin.

Sai zane. Kuskuren ɗan koyo shi ne ya fara zane daga wannan gefe ya yi ta tafiya, in ya iso ƙarshe ya tarar gidan ƙarshe rabi ne, mahaɗi ya fito fili kowa na gani. Maganin wannan, a raba inci 22 ɗin nan gida 11, kowane gida inci 2, a zana sura iri ɗaya cikin kowane. Kada mai fari ya ɗauko zanen zanna bukar ko damanga, waɗannan na gwanaye ne. Ya fara da layi biyu sama da ƙasa da 'yan murabba'ai a tsakani.

Wajen ɗinkin, a huda ɗan rami da allura, a kewaye bakinsa da zare har ya zama ɗan ido, a matsa gaba a huda wani kusa da shi. Dubban idanun nan su ne su ke taruwa su ba hula ƙarfi da kyau. Kada tsawon zare a allura ya wuce kamu guda, in ya wuce sai ya yi ta sarƙewa. A gama launi ɗaya ko'ina kafin a ɗauki wani. Jan zare kuwa ya zama daidai, in an ja da ƙarfi yadi ya tattare, in an sassauta ɗinki ya yi lakwaf. Hula mai cikakken ɗinki ta kan ci mako biyu har wata guda ko fiye, gwargwadon zanenta da sukunin mai yi.

In an gama a gwada jikin a kai tukuna. In ya gaza inci 22 a ƙara ɗan layi a kowane gefe daga cikin ajiyar nan, sa'an nan a juya shi a haɗa bakin biyu, a yanke saura. A raba bakin jikin huɗu a sa alama, a raba da'irar kai huɗu ita ma, a ɗaura alama bisa alama da manyan ɗinki na wucin gadi, kana a bi da ƙanana. Wanda ya ƙi yin haka zai ga yadi ya taru masa wuri guda. Daga ƙarshe a wanke, a sa sitaci na rogo, a kifa ta bisa icen da aka sassaƙa kamar kai ta bushe, a goge.

Yadda a ke yanka taguwa

Hikimar mutanen da ita ce, kusan kome na rigarsu murabba'i ne, don wanda ya san wahalar kaɗi ba ya yarda ƙyalle ya faɗi ƙasa a banza. A auna daga kafaɗa zuwa gwiwa, mu ce inci 40. A yanka tsawon inci 82, watau gaba da baya, da inci guda guda na kalmasa. Faɗi kuwa, a auna kewayen ƙirji a raba biyu a ƙara inci 6. Mai ƙirji 36 zai yanka 24. A ninke biyu, bakin ninkin shi ne kafaɗa, ba ta bukatar ɗinki. A tsakiyarsa a yanka wuya ɗan ƙarami, a tsaga gaba kamar taƙi guda don kai ya shiga. Wuya in ya yi kaɗan a kan ƙara, in ya yi yawa ba shi da magani. Hannuwa murabba'ai biyu ne, a liƙa su a kafaɗa. A ƙarƙashin hammata a sa ɗan ƙyalle mai inci 4 kowane gefe, a tsaye bisa kusurwarsa, shi ne ya ke hana riga yagewa in an ɗaga hannu. A ɗinke gefuna, a bar tsaga a ƙasa don tafiya da zaman salla, a kalmashe baki.

'Yan'uwanmu mata, rigar mace ma tushenta ke nan, sai dai a gajarta ta a buɗe wuyan. Turmin atamfa na yadi 6 ya kan ba da zane na yadi 2, wanda ba ya son kome sai kalmasa, da riga da ɗankwali, har a sami saura a yi wa yarinya.

Abin da ya sa ya shafe mu

Gobe kaɗan za a rarraba mu ƙauyuka mu yi koyarwa, inda albashi ba ya kai ƙarshen wata, tela kuwa sai ran kasuwa. Malamin da ya iya ɗinke ɓarakar rigarsa ba ya tsayawa gaban yara da kunya. In kuma ya ware rabin sa'a a mako ya koya musu, ya jefi tsuntsu biyu, don yaron da ya auna kansa ya fid da faɗin da'ira ba zai manta 22 bisa 7 ba har ya tsufa.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi. Kun san tun wajen 2011 'yan bindiga suka addabi Zamfara, mutane da yawa suka bar gonakinsu suka taru a garuruwa irin su Zurmi da Shinkafi da Ƙaurar Namoda. Cikin 2021 har hukuma ta rufe kasuwannin mako na jihar na wani lokaci, ta katse wayar tarho. Manomi ba ya iya ɗaukar gonarsa a ka, makiyayi an kore masa shanu, amma wadda ta iya allura ta soke ta a bakin zanenta ta fito da sana'arta. Na ga wata gwauruwa a unguwarmu da ta zo ba ta da kome, da ɗinkin hula ta ke ciyad da 'ya'ya huɗu. Cikin yaran da za a ba mu akwai 'ya'yan irin waɗannan bayin Allah.

Saboda haka ina roƙonku, kada mu jira sai azumi ya kama, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya nemi allura da rabin yadi tun yanzu. Hular fari za ta karkace, tawa ma ta karkace, kakana ya ce ta yi kama da akushi, amma ta uku ita ce a kaina yau. Wanda ya ke son gani ya same ni bayan la'asar in nuna masa abin da na iya, wanda ya fi ni kuwa ya gyara mini. Allah ya sa albarka cikin abin da hannuwanmu su ke yi, ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, amin.