Tseren Kwana da Kwanaki a Daji: Kafin Ka Biya Kuɗin Shiga

A watan Satumban 2019, ƙungiyoyi 66 daga ƙasashe 30 suka hallara a tsibiran Fiji domin wani tsere mai nisan kilomita 671, wanda ake kira Eco-Challenge. Kowace ƙungiya mutum huɗu ce, aka ba su kwana 11 su kai ƙarshe. A cikin tafiyar akwai tuƙin kwale-kwale a teku da kogi, da hawan keke cikin taɓo, da ratsa kurmi a ƙafa, da hawan duwatsu da igiya. Babu wanda ya kafa musu alamar hanya. Taswira da kamfas ne kawai jagoransu, agogo kuma ba ya tsayawa dare da rana. Ƙungiyar Niyu Zilan, wadda Nathan Fa'avae ke jagoranta, ta gama cikin ƙasa da kwana shida. Ƙungiyoyi da dama ba su ga ƙarshen hanyar ba.

Wasan bai daɗe a duniya ba. Wani ɗan jarida Bafaranshe mai suna Gérard Fusil ne ya shirya Raid Gauloises a 1989 a Niyu Zilan, kuma shi ake ɗauka a matsayin tseren farko na irin wannan salo. Mark Burnett, wanda ya yi suna daga baya wajen shirye-shiryen talabijin, ya shiga wannan tsere, ya ɗauki dabarar ya kai Amurka, ya fara Eco-Challenge a jihar Utah a 1995. A 1998 ya kawo shi Maroko, inda har raƙuma aka hau. Tun daga 2001 ake da jerin gasa na duniya mai suna Adventure Racing World Series, kuma a 2023 an yi gasar ƙarshe ta shekarar a wannan jeri a yankin Kouga na Afirka ta Kudu, tafiyar da ta haura kilomita 800.

Wanda ya kalli hotunan irin wannan tsere zai ɗauka ƙarfin jiki ne ke raba gardama. Ƙarfi na da ranarsa, amma waɗanda suka daɗe a harkar sun san abin da ya fi fitar da mutane daga tsere: tafin ƙafa da ya ruɓe, ɓatan hanya, rashin barci, ciki da ya ƙi abinci, da saɓani tsakanin abokan tafiya. Duk mai son shiga, a kan waɗannan ya kamata ya auna tseren da zai zaɓa, ya kuma gina shirinsa.

Abu na farko, tseren ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda hanyarsa sananniya ce, kowace shekara ita ake bi. Misali Coast to Coast na Niyu Zilan, wanda Robin Judkins ya fara a 1983: kilomita 243 daga gaɓar yamma ta tsibirin kudu zuwa birnin Christchurch a gabas, da gudu da keke da tuƙin ƙaramin kwale-kwale a kogin Waimakariri. Mutum na iya shiga shi kaɗai, ya gama a yini guda ko ya raba shi kwana biyu, yana kuma iya zuwa ya gwada hanyar tun kafin ranar. Akwai kuma wanda ake ɓoye hanyarsa, sai ana saura yini ɗaya ko 'yan awoyi a miƙa wa ƙungiyoyi taswira. Shi ma hawa-hawa ne: na awa uku zuwa shida, na awa 12, na awa 24, sannan na kwana uku zuwa goma. Shawarata ita ce kada kowa ya tsallake na awa 24. A nan ne mutum zai fara sanin yadda kansa ke aiki da ƙarfe uku na dare, jiƙe, cikin yunwa, ga taswira ta ƙi yin daidai da abin da ido ke gani. Wanda bai taɓa kwana a hanya ba, bai san halin kansa ba tukuna.

Kafin a biya kuɗi, a karanta takardar dokokin tseren daga farko har ƙarshe. Wane kaso na tafiyar ne a ruwa? Ruwan kwance ne ko mai gudu tsakanin duwatsu? Ana neman takardar shaidar iya iyo ko iya aiki da igiya? Idan ƙungiya ta makara a wani zango, korar ta ake yi ko kuwa a karkatar da ita zuwa gajeriyar hanya ta ci gaba? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi ga sababbin shiga, domin tseren da ke da gajeriyar hanya yana ba su damar kaiwa ƙarshe ko da sun yi nawa. A kuma duba tarihin masu shiryawa: sau nawa suka yi, wane tanadi suke da shi na likitoci da ceto. Ba wasa ba ne. A 2004, a tseren Primal Quest da aka yi a jihar Washington ta Amurka, dutse ya gangaro ya kashe Nigel Aylott, ɗan Ostireliya, ɗaya daga cikin ƙwararrun wasan. Sai batun aljihu. Kuɗin shiga na manyan tsere dubban daloli ne ga ƙungiya, ban da tikitin jirgi, biza, inshora, da kuɗin ɗaukar keke a akwatinsa.

To amma duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da zaɓen abokan tafiya. Dokar galibin tseren ita ce mutum huɗun nan su kasance tare koyaushe, kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce kamar mita 100. Idan ɗaya ya janye, an cire ƙungiyar daga jerin masu neman matsayi, ko da sauran ukun sun ci gaba. Ma'ana, saurin ƙungiya shi ne saurin wanda ya fi kowa galabaita a wannan sa'a, kuma wannan matsayi zagayawa yake yi. Gwarzon da ya ja kowa a keke da safe, shi za ka gani da dare yana jan ƙafa a bayan sahu. Shi ya sa ƙwararrun ƙungiyoyi ke tafiya da igiyar ja mai talewa: mai sauran ƙarfi ya ɗaura a ƙugunsa ko a bayan kekensa, wanda ya gaji ya maƙala a gabansa, a ci gaba. Ana kuma karɓar jakar wanda ya raunana a raba kayan. Mutumin da girman kai zai hana shi cewa “ku karɓi jakata” ya fi rago haɗari a ƙungiya, domin zai yi shiru har sai ya faɗi, a lokacin kuma gyara ya wuce.

Don haka tun a gida ake zama a faɗa wa juna gaskiya. Me muka je nema, matsayi ko kaiwa ƙarshe kawai? Idan biyu na son kofi, biyu na son ganin ƙasa, rigima na jiran su a dare na biyu. Wa ke yanke hukunci in an rasa matsaya? Wa ke riƙe taswira, wa zai karɓe shi in ya fara gyangyaɗi? Akwai wani abin da mai karatu na wajenmu zai so ya sani tun da wuri: babban rukunin gasar na ƙungiyar da ta haɗa maza da mata ne, dole a samu aƙalla mace ɗaya da namiji ɗaya a cikin huɗun. Wasu tseren suna buɗe rukunin maza zalla ko mata zalla, sai a duba. Haka nan Musulmin da zai shiga ƙungiyar da ba ta san ibadarsa ba, ya yi maganar tsayawa salla da irin abincin da yake ci kafin a bar gida, ba a tsakiyar daji ba.

Sai karatun taswira, wanda a ganina shi ne darasin da aka fi rainawa. An haramta na'urar GPS. Waya ma akan kulle ta a leda, ba a buɗewa sai an shiga haɗari. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita biyu kilomita ɗaya ce a ƙasa, layukan da ke zagaye kuma su ke nuna tudu da kwari: in sun matsu, hawan da tsini, in sun ware, shimfiɗe ne. Mai taswira yakan ɗora babban yatsansa a daidai inda suke, yana matsar da shi suna tafiya, wani kuma na ƙirga taku ko duba agogo don a san nisan da aka ci. Akwai wani tarko da ya shafi mutanenmu musamman. Arewar da allurar kamfas ke nunawa ba ita ce ainihin arewar taswira ba. A Nijeriya da Nijar bambancin ƙanƙani ne ƙwarai, har mutum zai iya koyon aikin bai taɓa lura da shi ba. A Niyu Zilan da kudancin Afirka ta Kudu kuwa ya haura digiri 20. Wanda ya manta da gyaran, a kowace kilomita zai kauce da kusan mita 350. Cikin duhu da kurmi, wannan ya isa a kwana ana neman tasha ɗaya.

Horon jiki ba ya bukatar dogon bayani. Awoyi masu yawa a hankali sun fi gudu mai zafi na ɗan lokaci. A yi tafiya da jaka mai nauyin da za a ɗauka ranar, a hau keke nan take bayan doguwar tafiyar ƙafa, a fita da dare da tocilan goshi. A koyi faci da gyaran sarƙar keke da hannu, domin babu bakanike a hanya. Wanda bai iya iyo ba ya fara da wannan kafin komai. Rigar ceto ba ta maye gurbin iya iyo. Tuƙi da filafili kuwa dabara ce ta juya ƙugu da gadon baya, wanda ya dogara da damtse zai ƙare cikin awa biyu.

Ƙafa ita ce jarin ɗan tsere. Ka leƙa zangon sauya kaya a rana ta uku ka ga abin da ake yi. Mutum ya zauna a kan akwatinsa, ya zare takalmi, ya tuɓe safa. Tafin ya yi fari fat, ya yamutse kamar na wanda ya yini yana wanki, fatar ta yi laushi har tana neman saɓulewa, ga bororo a dunduniya da tsakanin yatsu. Zai goge ta, ya bar ta ta sha iska muddin yana cin abinci, ya tsiyaye ruwan bororon da allura mai tsabta ba tare da ya ɓare fatar ba, ya manna filasta, ya shafa mai, ya sa busasshiyar safa. Minti goma ke nan da ke sayo masa yini guda. Masu wayo ba sa jiran bororo ya fito: da zarar sun ji wuri na ɗumi, sai su tsayar da kowa su rufe shi. Takalmi kuma akan saye shi da ɗan girma, domin ƙafa na kumbura bayan kwana biyu, kuma ba a zuwa tsere da sabon da ba a taka ba.

Barci lissafi ne. Manyan ƙungiyoyi sukan wuce daren farko ba runtsawa, daga nan su riƙa kwanciya awa biyu ko ƙasa da haka a kowace rana. Sabon shiga da ya kwaikwayi wannan zai sha mamaki. Bayan dare biyu ido kan fara gane-gane: kututture ya zama mutum a tsugune, dutse ya zama gida, wani ma barci ya ɗauke shi yana kan keke. Ƙungiyar da ta ƙi kwanciya awa biyu takan ɓatar da awa biyar tana yawo a kwarin da ba shi ba. Wasu tseren suna hana shiga kogi mai haɗari da dare, don haka mai lissafi yakan daidaita tafiyarsa ya isa bakin ruwa da magariba, ya yi barcinsa a lokacin da dama dole ya jira.

Ci kuwa kaɗan-kaɗan ake yi ana tafiya, kamar kalori 200 zuwa 300 a awa. Kayan zaƙi kan gundura tun rana ta biyu, baki ya koma neman gishiri da maiƙo. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna aiki sarai a lokacin horo, sai dai kada a yi guzurin kilishi zuwa Niyu Zilan: dokarsu a kan shigo da nama tana da tsauri, har taɓon da ke takalmi da tayar keke suna dubawa a filin jirgi. A kula da ruwa ma. Yawan shansa ba tare da gishiri ba yana tsarma gishirin jini, ya kawo ciwon kai da ruɗewa, wani lokaci har rai.

Akwai haɗarin da ba ya bayyana sai an koma gida. Bayan Eco-Challenge na 2000 a Sabah ta Malesiya da ke tsibirin Borniyo, 'yan tsere da yawa suka kwanta da zazzaɓi a ƙasashensu. Binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya gano cutar leftosifirosis ce, wadda ake ɗauka daga ruwan da fitsarin dabbobi ya gurɓata, ta shiga ta rauni ko ido ko baki, kuma an danganta ta da iyo a kogin Segama. Mai horo a madatsun ruwa da tafkunanmu shi ma yana da tasa damuwar, wato tsargiya. A ga likita kafin tafiya domin rigakafi da maganin da ya dace da ƙasar da za a je. In kuma zazzaɓi ya taso cikin makonni bayan dawowa, kada a tsaya ga zaton maleriya: a faɗa wa likita ƙasar da aka je, da kogin da aka shiga, da ranar da aka shige shi.