Denali ko McKinley: Wa Ke Da Ikon Raɗa wa Dutse Suna?

Masu iya magana na cewa suna linzami ne. Duk mai shakkar wannan magana sai ya dubi tsaunin da ya fi kowane tsawo a Amurka ta Arewa, wanda ke jihar Alaska, mai tsayin mita 6,190, wanda ƙanƙara ba ta barin kansa rani da damina.

Tun kafin Turawa su iso, al'ummar Koyukon da ke zaune arewa da tsaunin suke kiransa Denali, ma'ana "dogo" a harshensu. Rashawan da suka riƙe Alaska har zuwa 1867, shekarar da suka sayar wa Amurka da ita, suna ce masa Bolshaya Gora, wato babban dutse. Sai a 1896 wani mai neman zinariya, William Dickey, ya laƙaba masa sunan William McKinley, ɗan takarar shugabancin ƙasa a lokacin. McKinley ya ci zaɓe, aka kashe shi a 1901, bai taɓa taka ƙasar Alaska ba. Duk da haka gwamnatin tarayya ta tabbatar da sunan a 1917.

Mutanen Alaska ba su haƙura ba. A 1975 majalisar jihar ta nemi a mayar da sunan asali, amma 'yan majalisar tarayya daga Ohio, mahaifar McKinley, suka yi ta tare hanya har shekara 40. A 2015 gwamnatin Obama ta dawo da Denali. A watan Janairun 2025 kuma Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin mayar da McKinley, ko da yake gandun dajin da ke kewaye da tsaunin ya ci gaba da amsa sunan Denali.

A nawa ganin, abin da ke cikin hatsari ya wuce siyasar jam'iyyu. Masu jin harshen Koyukon sosai a yau tsofaffi ne ƙalilan, kuma Denali na daga cikin kalmominsu da suka zagaya duniya. Share ta daga taswira rage wa harshen da ke fama da numfashi kwana ne.

Mu ma ba baƙin wannan lamari ba ne. Tsaunin Dimlang na jihar Adamawa ya daɗe a littattafan makaranta da sunan Vogel, Bajamushen da ya ziyarci Barno a 1854. Ya kamata masana harshe su tashi tsaye wajen rubuta sunayen duwatsu da koguna daga bakin dattawa tun suna raye. Allah ya sa mu dace.