Ko Ka Sani? Tashar Jirgin da Ke Aiki Mako Guda a Shekara

Wanda ya saba ratsa shataletalen Ojoo da yamma, inda tirela da motocin Micra da 'yan acaba ke rububin hanya ɗaya, ba sai an yi masa dogon bayani ba kan dalilin ɗora layin dogo a kan ginshiƙai. Idan ƙasa ta cika, sai a nemi sama. Tashar jirgin ƙasa ta Moniya da ke maƙwabtaka da mu a ƙasa layinta yake. Ta Marina a Legas kuwa, wadda ta fara ɗaukar fasinja a 2023, a sama take. Amma tashoshin sama da suka fi ba ni sha'awa suna ƙasa mai tsarki.

Su ne na layin Masha'ir, wanda ya haɗa Mina da Muzdalifa da Arfa. Tsawonsa kilomita 18 ne da 'yan kai, tashoshinsa tara, uku a kowane wuri. Wani kamfanin ƙasar Sin ne ya gina shi, aka fara hawansa a aikin Hajjin 2010. Kwanakin Hajji kawai yake ɗaukar mutane.

Matsalar da aka gina shi dominta ba irin ta sauran birane ba ce. A birni, fasinja na zuwa ne jefi-jefi, wani ya nufi gabas wani yamma. A Arfa kuwa, rana na faɗuwa kowa zai tashi, kuma duka Muzdalifa suka nufa. Saboda haka tsarin tashar gaba ɗaya a kan abu ɗaya ya tsaya: kada masu shiga su yi karo da masu fita.

Alhaji ba ya hawa kai tsaye. Ana fara tara jama'a a filin jira, rukuni-rukuni, gwargwadon cikin jirgi guda, wato kusan mutum 3,000. Sai an kwashe na gaba sannan a buɗe wa na baya su haura dandamali, mai tsawon kusan mita 300. A bakin dandamalin akwai shinge mai ƙofofi, waɗanda ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya daidai saitinsu. Duk turereniyar da za a yi, ba wanda zai faɗa kan dogo. Jirgin tarago 12 gare shi, kowanne da ƙofa biyar a kowane gefe. Ƙofa 60 ke nan ke buɗewa lokaci guda, tsoho da sandarsa, hajiya da jakarta, kowa ya sami ta kusa da shi. Hanyar sauka daban take da ta hawa.

Da wannan lissafi layin ke iya kwashe mutum 72,000 a awa ɗaya zuwa ɓangare guda. A ganina, hikimar ba a gudun jirgin take ba. Tana wajen tsara jira, domin duk wanda ya san tarihin cunkoson Mina ya san cewa inda jama'a suka haɗu gaba da gaba, nan ake rasa rayuka.

Ba kowane alhaji ke samun hawa ba. Da yawa daga cikin alhazanmu har yanzu a bas suke zuwa Arfa. Tashar ƙarshe ta ɓangaren Mina kuwa tana daf da gadar Jamrat, don mai zuwa jifa ya sauka kusa da inda zai yi ibadarsa.